Gautar Inna

Har yau in na ga farar gauta a kasuwa raina ɓaci yake yi, kuma Baffa ne sanadi.

Muna Zongon Sokode a zamanin Faransawa. Inna tana da ɗan lambu a bayan gida. Irin gautarta daga Dapaong ta zo da shi ranar aurenta, na mahaifiyarta ne, fara sol, ba ɗaci. Kowace bazara mukan ɗebo baƙar ƙasar fadama, mai ruɓaɓɓen ganye, don rainon iri. Ƙasar nan in ta bushe ba ta shan ruwa da garaje. Sai an yayyafa kaɗan, a cuɗa da hannu, a bari ta huta, a ƙara, har ta dunƙule a tafin hannu ba tare da ta ɗiga ba.

Shekarar da ɓera ya shiga tulun iri, ɗan ƙulli ɗaya ya rage. Mun shuka shi ke nan aka aiko kakata ta rasu. Inna ta hau motar Dapaong, ta bar mini lambun. Babana yana aikin hanyar da Faransawa suka kwashe maza su yi, don haka gida ya koma hannun yayansa, Baffa, mai fataucin goro.

Ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Wannan ne ban ruwa? Ke, miƙo tulun ruwan."

Na ce, "Baffa, Inna ta ce yayyafi kawai."

"Tun ba a haifi uwarki ba nake jiƙa goro."

Shi ke nan, ya mai da ƙasar huhun goro. Ya kwarara ruwa, ya lulluɓe da ganye, ya danne da buhu, safe da yamma yana ƙarawa. Mutumin da bai taɓa shuka ko albasa ba! In na ɗaga buhun ya daka mini tsawa. Na yi kuka, na yi ƙunƙuni, ba wanda ya kula, wai yarinya ba ta gyara wa babba.

Da Inna ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi lambu. Ta ɗaga buhun, wari ya buge mu. Ta tona da yatsa, ba ko tsiro ɗaya.

Na ce, "Inna, ai kin taho da wani irin?"

Ta ce kawunnena sun riga sun mai da lambun tsohuwa turken awaki.

Sai ga Baffa yana taunar goro. Na zuba wa bakin Inna ido, ina jira. Ta durƙusa, hannunta duk laka, ta ce, "Yaya, sannu da ɗawainiya."

Shi kuwa ya amsa, "Ba komai."