Haɓon Malam Kassimu

A Tsamaye, in aka zauna hirar mutanen da, sai an ambaci Malam Kassimu, limamin da ya shekara goma sha takwas bai sa hannu a kwanon suna ko na walima ba. Dogo ne siriri, mai muryar da ke ratsa danga uku. Baƙi kan ce tsoron Allah ne ya raba shi da daɗin duniya. Tsoron Allah kam akwai shi, amma maganar gaskiya, Malam cikinsa yake tsoro.

Ciwon ya taso masa shekarar da ya gaji limanci daga mahaifinsa. Ciki ya murɗa, ya kumbura kamar ganga, yau gudawa, jibi kuma ya ɗaure tamau. Mafi muni ita ce iska, wadda ba ta neman izinin kowa. A wurin manomi wannan abin dariya ne, a wurin liman kuwa masifa ce, don alwala ba ta zama. Sau uku cikin wata guda alwalarsa na karyewa yana tsakiyar salla, kowane karo kuma ya yi abin da malamai suka koyar don rufin asiri: ya kama hancinsa kamar mai haɓo, ya jawo na bayansa ya ƙarasa, ya fita kai sunkuye. Mutane suka yi ta yi masa sannu da haɓo. Ya amsa, ya shiga ɗaki ya yi kuka.

Ya sha saiwa, ya sha rubutu, har asibitin garin Isa ya je a kan jaki. Malamin asibiti ya ce babu tsutsa babu gyambo, hanjinsa ne mai saurin fushi, ya dinga lura da abin da yake ci. To, an faɗa wa mai naci. Malam ya miƙa wa na'ibinsa salla, ya ɗauki abinci yadda yake ɗaukar karatu, ɗaya bayan ɗaya. Sai ya bar abu kwana bakwai, ran na takwas ya ci shi, ya zauna yana sauraren cikinsa. Wake ne ya fara faɗuwa, sai nono, sai albasa da tonka, wato barkono. Ƙosai ya ba shi wahalar rabuwa, ya gwada shi sau huɗu ko zai canza hali, bai canza ba. Bayan shekara biyu abin da ya rage masa shi ne kunun geron da aka jiƙa ya kwana, da tuwo ɗan kaɗan da miyar kuɓewa. Ya koma gaban sahu, kuma haɓo bai sake zuwa ba. Daga shi sai matarsa Saude suka san sirrin, ko kuma haka ya ɗauka.

Sai farin saba'in da uku ya zo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, ɓerayen ma suka yi ƙaura. Da wata daminar ta kama, sama ta sake yin shiru. Motar agaji ta iso garin, aka sauke buhuna, aka kwance: wake ne da garin madara. Jama'a na hamdala, Malam na kallon tsofaffin abokan gabarsa biyu sun zo a mota ɗaya.

Yunwa ba ta bar masa zaɓi ba, ya ci. Cikin mako guda ciwon ya dawo sabo fil. Ana cikin haka Wakili, mai riƙe wa hakimi garin, ya zo da dattawa suka ce an tsayar da roƙon ruwa: azumin kwana uku, ran na huɗu a fita fili. Na'ibi ya tafi cin rani, babu mai jan salla sai Malam. Ya kwatanta a ransa: gari duka a bayansa, har mutanen ƙauyuka, shi kuma ya kama hanci ya fita a ranar da ake roƙon Allah rai. Ya ƙudura in an sha ruwa, ruwan kawai zai sha, ko da zai faɗi.

Da magariba ta farko Saude ta dire masa ƙwarya. Ƙamshin ya riga hannunsa isa, kunun gero ne.

“Saude, ina kinka samo gero ga wanga lokaci?”

“Malam, sha tun da zahi. Tambaya ta jira.”

Haka ta yi masa kwana uku, buɗa-baki da sahur, ciki kuma ya kwanta lif.

Ran fita, da hantsi, aka taru a filin idi cikin tsofaffin tufafi. Waɗanda suka ga ranar sun ce ba su taɓa jin karatu irin nasa ba. Ya yi raka'a biyu, ya yi huɗuba, ya juya rigarsa, ya ɗaga hannu yana roƙo har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, manyan maza na sheshsheƙa a bayansa. Alwala ɗaya ya fito da ita daga gida, da ita ya shafa fatiha. Ruwa bai sauka ran nan ba, sai bayan kwana goma sha ɗaya.

A hanyar komawa Wakili ya jera da shi. Malam ya ce akwai abin da ke damunsa, yana tsoron ko Saude ta sayar da wani abu nata ta sayo masa gero.

Wakili ya yi murmushi. “Allah gafarta Malam, ba ta sai da komi ba. Da munka ga mota ta sauke wake, kowa ya san mi za ya biyo baya. Gida-gida anka bi neman gero, mai cikin tahin hannu guda ya ba da, mai rabi ya ba da. Tsohuwa Kande irin shukarta ta kwance daga bakin zane, ta ce in liman bai tsaya ba, mi za ta shuka ma.”

Malam ya tsaya cak. “Wake? Wa ya gaya muku zancen wake?”

“Haba Malam. Mu ma ciki gare mu. Tun kana sabon liman munka sani.”

Shekara ashirin ke nan, garin da ba a iya ɓoye ko haihuwar akuya ya riƙe masa wannan magana, babu wanda ya taɓa ko murmusawa a gabansa. Ya waiwaya ya dubi jama'ar da ke tafe a baya, ramammu, kowa ya kau da kai kamar bai san ana yi ba. Hawaye suka ƙwace masa. Ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai hannunsa ya tafi inda ya saba, ya kama hanci.

Wakili ya rage murya, ya ce, “Sannu da haɓo, Malam.”