Sashen da Babu Mai Ƙorafi a Kansa

Yayata tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu a lalace ta wuce, kuma ba ta iya bari a san ita ta gyara. In ƙofar banɗaki ta fara ƙara, sai ka wayi gari ka ji ta yi shiru, ka yi ta tambayar wa ya taɓa, ita kuwa tana gefe tana shan shayinta kamar ba a gidan take ba. Ni tela ce, in na yi ɗinki mai kyau sai duk layinmu ya ji labari. Baba yakan ce bakin da ya kamata a raba mana mu biyu, ni kaɗai na kwashe.

Aikinta gina shafukan intanet ne. Ƙananan wurare take yi wa: asibitin unguwa, wani kemis, da makarantar da ke bayan kasuwa. Ɗakin aikinmu ɗaya. Kekena yana bakin taga, teburinta yana kusurwa, ta ɗora kwamfutarta a kan tsofaffin littattafai saboda ciwon wuya. Ba daga tushe take ƙera shafukan ba. Akwai wani tsari da mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya ga abin gyara ya gyara. Ta ce mini kamar kwalin da nake ɗorawa a kan yadi in yanka ne, sai dai wannan kwalin na kowa ne.

A cikin tsarin akwai wani ɗan sashe da Yaya ta rubuta da kanta shekarun baya. Shi ne yake sa shafi ya buɗe a tsofaffin wayoyi masu maɓalli, ko da sabis yana rawa. Saboda Baba ta yi shi. Baba tsohon direba ne, hawan jini ya zaunar da shi, kuma ya rantse ba zai riƙe wayar da ake shafawa ba, wai yatsunsa sun saba da abin da in an danna ake ji. Da can sai ya je asibiti ya wuni a kan benci, sannan a ce masa likita ba zai zo ba. Tun da Yaya ta yi sashen, a wayarsa yake duba ranar likita, ya kuma ga ko maganinsa ya iso kemis. Masu kula da tsarin suka ga abin ya yi, suka karɓa suka saka a cikin babban aikin. Ranar ba ta gaya wa kowa ba. A hannunta na gane, don kofin da ta riga ta wanke ta sake ɗauka tana ta wankewa.

Wata safiya ina cikin ɗinkin wuyan riga na lura ban ji ƙarar maɓallanta ba. Na waiga na gan ta ta yi tsuru-tsuru a gaban kwamfuta.

"Yaya, lafiya?"

"Sun fitar da sigar gwaji," in ji ta.

Sai da na yi ta jan ta kafin na gane. Masu kula da tsarin suna shirin sabuwar siga, mai sauri, marar nauyi. Kafin su fitar da ta gaske sukan saki ta gwaji, kowa ya taɓa ya faɗi ra'ayinsa. A sanarwar sun faɗi abubuwan da za su ƙara da waɗanda za su cire, kuma sashen Yaya yana cikin na cirewa. Dalilinsu shi ne shekara da shekaru babu wanda ya kawo ƙorafi a kansa, babu wanda ya yi ko tambaya, saboda haka da alama babu mai amfani da shi.

Ashe haka suke aiki. Suna da dandali inda duk wanda ya ga matsala yake rubutawa a fili, a tattauna, a gyara a gaban kowa. Da hayaniyar nan suke gane abin da yake da rai. Kuma in aka kawo shawara babu wanda ya ja, shirun nan amincewa ne a wurinsu.

Na ajiye almakashi. "To ai ƙorafi ya zo. Ni ce shaida. Ko ba Nas ɗin asibiti ce take kiran ki muna cin abinci ba?"

Ta sunkuyar da kai, don ta san gaskiya na faɗa. Ƙorafi ya zo da yawa, amma ƙofar gidanmu yake zuwa. Nas ɗin asibiti ta kira, Mai Kemis ya biyo da wayar wani tsoho a aljihu, Yaya ta gyara ta tura gyaran ba tare da ta ce ga wanda ya kawo kuka ba. Akwai ranar da Nas ta ce bari ta rubuta a dandalin, Yaya ta ce ba sai an kai ga haka ba. A ganinta ƙorafi a bainar jama'a tonon asiri ne, nata da na mai ƙorafin. Ta yi ta share hanya har aka ɗauka babu mai bin ta.

"To ki zauna a tsohuwar sigar mana," na ce. "Dole ne?"

"In sabuwar ta fito za su daina toshe ramukan tsohuwar. Bayanan marasa lafiya ne a ciki, Auta. Ba zan bar su a ɗakin da babu makulli ba."

Nan na gane girman abin. Dole ta koma sabuwar, in kuma ta koma babu sashen, Baba da duk tsofaffin unguwa za su koma benci.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Abinci sai ta tsakura ta ture. Ta buɗe dandalin, ta rubuta layi biyu, ta goge. Ta sake rubutawa, ta tashi ta share ƙarƙashin kekena, wurin da ni kaina ban taɓa sharewa ba. Wata rana ta ari wayar Baba ta gwada sabuwar sigar a kai. Fuskar wayar ta yi fari fat, babu ko harafi ɗaya.

Baba ya leƙo ta kafaɗarta. "Ta mutu ne?"

"A'a Baba, gwaji nake yi."

Ta mayar masa da tsohon shafin ta miƙa masa. Ni kuwa daga ranar tsoro ya kama ni, kuma ni in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Na tasa ta a gaba har ta yarda a roƙi masu amfani da shafukan su yi magana a dandalin. Ni na ɗauki aikin, na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Suka rubuta kuwa, kuma da ma ba su rubuta ba. Mai Kemis ya ce suna godiya, ba su taɓa samun matsala ba. Nas ta ce aiki ne mai kyau, Allah ya saka. Shugabar makaranta ta yaba tarbiyyar Yaya. Babu wanda ya faɗi irin wayarsa ko abin da yake gani a cikinta. Mutanen da suka hana mu cin abinci cikin natsuwa, da aka ce su yi magana a gaban baƙi, kowa ya rufa mata asiri.

Babban mai kula da tsarin ya amsa. Mai Kyanwa nake kiran sa, don duk lokacin da suke taro ta bidiyo sai wata kyanwa ta ratsa teburinsa. Ya yi godiya cikin ladabi, ya ce amma yabo ba ya nuna musu abin da zai lalace in an cire. Ya ce su kaɗan ne, kowa da aikinsa da iyalinsa, kuma duk sashen da aka bari kaya ne a kan wani. Na ce wannan mutumin ba shi da tausayi. Yaya ta ce yana da gaskiya, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Ranar taronsu ta sa mayafinta mai kyau, ko da yake fuskarta kawai za a gani. Na tsayar da keke na zauna a bayan labule. Da aka zo kanta sai da ta yi gyaran murya har na ɗauka ta fasa. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta ce akwai masu amfani da sashen, ita ce ta riƙa karɓar kukansu a ɓoye. Ta ɗaga wayar Baba ta nuna musu farar fuskar. Mai Kyanwa ya ce ba za su mayar da shi cikin sigar gwaji ba. Amma in kafin ta gaske ta fito suka ga ana kawo matsaloli a fili, ana gyarawa a fili, kuma ita ta tsaya da sunanta a matsayin mai kula da shi, za su sake dubawa. Ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Da ta rufe kwamfutar mayafin ya jiƙe da gumi.

Bayan kwana kaɗan Baba ya shigo da wayarsa a hannu. "Duba min nan, ranar likitan tana yankewa, rabi nake gani."

Yaya ta miƙa hannu kamar kullum. Sai ta tsaya, ta janye hannun ta sa a ƙarƙashin tebur.

"Baba, wannan karon sai an rubuta a can tukuna. Auta za ta rubuta maka."

Ya dube ta, ya dube ni. "A can ina? Gaban baƙin nan?"

"E, Baba."

"Ni zan kai ƙarar 'yata gaban mutanen da ban sani ba? Me na yi miki?"

"Ba ka yi min komai ba. In ba ka kai ba, cirewa za su yi."

Ya daɗe a tsaye yana juya wayar. Daga baya ya ja kujerar masu kawo ɗinki ya zauna kusa da ni, yana faɗa ina juyawa da ɗan Turancina na makaranta. Ya fara da gaishe su da iyalansu, har da tambayar lafiyar kyanwar, don na ba shi labarinta. Ya faɗi irin wayarsa. Ya faɗi inda rubutun yake yankewa. Sai ya rage murya ya ce, "Ki ƙara da cewa ba laifinta ba ne."

"Laifina ne, Baba," in ji Yaya daga kusurwa, ba ta waigo ba. "A bar shi haka."

Na tura. Nan take ƙorafin ya bayyana a kwamfutarta, a ƙarƙashin sunanta, inda duk mai so zai karanta. Ta san gyaran, ba zai ɗauke ta lokacin shan shayi ba. Amma sai da ta fara rubuta amsa a ƙasa, cewa ta gani, ta gode, tana kan aikin. Baba ya ajiye wayar a gefen teburinta ya fita, bai yarda sun haɗa ido ba.

Har yanzu sigar ta gaske ba ta fito ba, kuma babu wanda ya san abin da za su yanke. Kullum da safe, kafin ta taɓa kofinta, Yaya takan buɗe dandalin tana fatan wani ya sami laifinta.