Rumfar da Ta Sha Man Shanu

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau, maigidana ya kamu da ciwon katako. Turawan kanti suna fasa akwatunan kaya su yar da allunan, katako ne fari fat, marar nauyi, ko da farce ka danna sai ya lotsa. Malam ya yi ta jido su a jaki zuwa lambunmu na bakin gulbi.

Akwai tsohuwar rumfa a can, ta dirkokin ƙirya, inda muke rataye irin albasa har damina ta wuce. Da irin nan muke ci, ba mu da wata sana'a. Ya tumbuke ta, wai ta ƙauyawa ce, shi da aka haifa a bayan Bungudu!

Mai gadin kanti ya gaya masa Turawa baƙar kwalta suke shafa wa wannan ice kafin su kafa shi, saboda gara. Malam ya shinshina kwaltar, ya tofar da yawu. In ya baƙanta katakon, wa zai san na Turawa ne? Ya dawo gida ya ce in ba shi man shanuna.

Na ce, "Malam, rumfa ce ko amarya?"

Ya ce, "Ke mi kika sani ga katako?"

Haka ya bi kowane allo yana mulke shi kamar mai yi wa jariri wanka. Ya kafa sabuwar rumfa da su, ta yi ƙyalli kam, ba ƙarya. 'Yan uwansa na Tsafe suka zo kallo, yana ta shafa gemu. Ni kuwa muna shan miya ba mai, raina a ɓace.

Ya ɗaure irinmu kaf a ƙarƙashin rufinta. Tururuwa ta fara zuwa walima, beraye suka biyo baya, gara ta shiga ta ƙasa tana aikinta shiru. Daga waje sumul, ciki gari.

Cikin tsakiyar damina aka kwana ana ruwa. Da safe ya tarar da rumfar a durƙushe cikin laka, irin ya jiƙe ya ruɓe, ko na shuka kwami ɗaya bai tsira ba. Wallahi na yi kuka, kuma na yi masa tas.

Ranin nan lambunmu ya bushe ƙayau. Malam da gemunsa ya koma jan jigo a lambun ƙanensa, ana biyansa da albasar miya.