Ruwan da Muka Hana Maraƙa

Duk lokacin da na ji saniya tana kukan neman ɗanta, sai zuciyata ta koma gidanmu na Gulma.

Ina yarinya Baba ya ba ni maraƙa, ja mai farin goshi. Ya ce tawa ce, ita da duk abin da za ta haifa. Da farkon damina, ɗanyar ciyawa ta fito, fadama ta fara cika, sai zawo ya kama ta. Bayanta ya ɓaci, ƙudaje suka yi mata caa.

Kaka ce mai maganin gidanmu. Ta jiƙa bagaruwa, ta daka gawayi ya yi laushi, tana ɗura mata kaɗan-kaɗan da ludayi. Sannan ta sa aka raba ta da uwar, ta kife ƙwaryar ruwa.

"Kak ki ba ta ruwa, 'yag gidana," in ji ta. "Ki bari cikin shi bushe."

Haka kowa ya sani a lokacin. Abin da ke zuba, ai ba a ƙara masa.

Wata rana na dawo daga wanke-wanke zanena a jiƙe, maraƙar ta miƙo wuya tana tsotsar bakin zanen. Kaka ta gani, ta kau da kai, ta ce in shiga ɗaki in canja. Idanun maraƙar suka yi ta faɗawa ciki, hancinta ya bushe. Kafin kasuwa ta zagayo ta mutu. Ranar Kaka ba ta taɓa tuwo ba.

Sai da na girma, ina goyon ɗan fari, aka koya mana haɗa wa mai zawo ruwan gishiri da sukari a asibiti a Birnin Kebbi. Daga baya malamin dabbobi ya ce haka ma maraƙi: a ba shi ruwan, kada a hana shi nono, ba kowane zawo ke son kafso ba. Bara maraƙin ɗana ya kamu da zawo a Ambursa, na zauna na yi ta ba shi ruwan, ya tashi.

Har Allah ya karɓi ran Kaka tana cewa jiƙon ne bai yi ƙarfi ba. Ban samu na gaya mata ƙishirwa ce ba. Ko da na samu, ban san ko bakina zai iya ba.