Wutar Mushe Illa ba ta sami mai karɓa ba

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Illa, malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu da ke bayan Ibohamane. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Ni na san shi da ciwo ɗaya, wato gasar Olamfik.

Yana da wani tsohon kaye, littafin rubutu, da ya cika da labarinta. Daga bakinsa na ji cewa zobba biyar ɗin nan na tambarin gasar nahiyoyi ne, kuma wani Bahabashe ya taɓa cin gudun dogon zango a Roma ba takalmi. In ya zo kan ɗan dambenmu da ya kawo wa Nijar lambar tagulla daga Jamus, sai ya miƙe tsaye. Burinsa ɗaya ne, wata rana ɗan yankinmu na Adar ya je can.

Shi ya sa ya kwashe duwatsun filin bayan lakwal da hannunsa. Duk shekara huɗu yana shirya mana tamu gasar. Wutar gasa kuwa, ya ce a Girka daga rana ake kunna ta, don haka ya haramta alimeti, wato ashana. Sai ya tsuguna da gilashin ƙara girman rubutu da damin kara, a tsakiyar damina, yana hararar hadari. Mai gari ya taɓa tsayawa a kansa ya ce, "Mushe, mi munka yi maka? Kowa na roƙon ruwa, kai kana roƙon rana!" Yaya ya yi dariya, bai ɗago ba. In karan ya kama, matasa su yi ta miƙa wa juna da gudu tun daga rijiya har filin.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya ba ni gilashin ya ce, "Sani, kada ka bari ta mutu." Na amsa da sauri, don amsawa ba ta da wuya.

Shekara guda bayansa ɗan Nijar ya ciwo lambar azurfa a gasar Brazil. Na yi kuka, don Yaya bai gani ba. Amma yau ina ganin an rufa masa asiri ne. Kwazazzabo ya cinye rabin filinsa, sauran an shuka dawa. Masu gudunsa suna Abijan da Libiya, wasu ma ba a jin ɗuriyarsu. Ban ga laifinsu ba, rumbu ba ya cika da tsere.

Lokacin gasar da ta wuce na aika gida gida, na je bakin rijiya da gilashin. Rana ta fito fes, irin wadda ya yi ta nema. Karan ya kama nan take. Na ɗaga shi ina duban hanya, ba wanda ya zo. Ina riƙe da shi har wutar ta iso yatsuna, na sake shi a ƙasa.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Gilashin yana nan, da shi nake karanta takardar magani.