Ranar da Yaya Ya Ƙi Ƙara Harbi

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ina jin wannan ranar ce za ta rage. Shekaru sun ja, amma har gobe in na ji ƙarar bindiga a wurin biki, sai gabana ya faɗi.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, a wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Ni direba ne, kuma Allah ya yi ni da gaggawa, ko tuwo ba na iya jira ya huce. Yayana kuwa ɗan sanda ne, a lokacin yana aiki a Kiru, kuma ban taɓa ganin mutum mai sanyin jiki irinsa ba. In ka yi masa tambaya, kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo kafin amsa ta fito. Na sha gaya masa cewa ni dai ban san ɓarawon da zai tsaya ya jira shi ba.

Wata Asabar ce bayan an gama girbin masara, ana bikin ɗan Sarkin Baka, wato shugaban maharban garinmu. Gidan suna da al'adarsu: da zarar motar amarya ta iso bakin gari, sai a harba bindigar toka sau ɗaya, mata su fito da guɗa su tarye ta. Duk garin an san haka, tun hantsi mata suka ci ado suna kasa kunne. Yaya ya biyo ta gida a kan hanyarsa ta dawowa daga wani aiki a Doguwa, ya zura babbar riga saboda ɗaurin aure, ƙaramar bindigarsa ta aiki tana ɗaure a ƙugunsa.

Bayan azahar muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ni da shi da Baba, sai na soma tsokanarsa kamar yadda na saba. Na ce, “Yaya, wai wannan 'yar abar taka, in ta kama dole, guda nawa za ka iya saki kafin a ƙifta ido? Na ga a fim tas-tas-tas suke yi.”

Sai da ya gama ɓare gyaɗar da ke hannunsa tukuna. “Ai ba sakin ne da wuya ba,” in ji shi. “Tana tashi take zabura sama. Sai ka dawo da bakinta, ka sake duban abin da kake auna, ka dubi abin da ke bayansa. In ba ka yi haka ba, na biyun ba ka san wa ka aika wa ba.”

Na ce, “Kafin ka gama wannan dube-duben ai an yi jana'izarka.” Baba ya yi dariya har da tari, Yaya kuwa ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Ba mu rufe baki ba muka ji ihu daga wajen masallaci. “Mahaukacin kare! Jama'a ku kauce!” Sai ga shi ya ɓullo, wani jan kare ramamme, miyau na dalala daga bakinsa, yana tangaɗi kamar wanda ya bugu. Maza suka watse, wasu ko takalma ba su tsaya ɗauka ba. Baba kuwa gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya, ba ya iya miƙewa sai an kama shi. Na zagaya bayansa na sa hannu a hammatarsa ina ja, shi yana ta salati, karen kuma ya miƙo wurinmu.

Ban ga lokacin da Yaya ya miƙe ba. Ƙara kawai na ji, kunnena ya ɗauki ɗumi. Karen yana daidai jikin katangar ƙasa lokacin da harsashin ya same shi a cinya. Ya faɗi ya yi birgima, ya sake tashi da ƙafa uku, ya karkato ta bakin lungun gidanmu, inda zanar mata take. Daga nan ya sake yo kanmu.

Na daka tsawa, “Ƙara masa! Yaya, ƙara masa!”

Yana tsaye, hannu biyu a kan bindiga, bakinta na bin karen. Ina kallo da idona, sai na ga ya janye yatsansa daga kan kunama. Wallahi a wannan lokacin ji na yi kamar in fizge ta daga hannunsa. Ga ubanmu a ƙasa, ga mutuwa tana ɗingishi tana nufo mu, shi kuma ya tsaya yana halin nasa. Na ce, “Kai wane irin mutum ne? Kashe mu za ka sa a yi!”

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya daskarar da ni. Ya sauke bindigar, ya karkaɗo hannun babbar rigarsa ya naɗe damtsensa na hagu, ya shiga gaban Baba, ya miƙa wa karen hannun. Karen ya yi tsalle ya cafke. Na ji ƙarar haƙoransa a jikin yadi, na ji Yaya ya yi wani nishi. Sai ya durƙusa da shi, ya danne shi da gwiwa, ya juya bakin bindigar ƙasa, sannan ya harba. Karen ya yi shure-shure ya saki.

Sai a lokacin kunnena ya buɗe, na ji abin da tsoro ya hana ni ji. Guɗa ce. Matan gidanmu da na maƙwabta ne suke kwararowa daga lungun cikin ankonsu, sun ji harbi sun ɗauka amarya ce ta iso. A gabansu duka mai ɗakina ce, da kaskon turaren wuta a hannu, 'yarmu ta fari goye a bayanta, ko yaye ta ba a yi ba. Guɗar ta mutu a bakinsu da suka ga jini.

Na zauna daɓas a kan tabarma. Yaya ya dube ni, gumi na zuba daga goshinsa. “Ni na kira su,” in ji shi. “Na manta harbi ɗaya ake jira yau. Ina saki na ji guɗa ta tashi, na ga zana tana motsi.” Sannan ya ce, “Zana ba ta tare harsashi. Tashi ka kawo ruwa da sabulu.”

Muka wanke ciwon sosai, muka yi ta kwarara masa ruwa. Haƙoran sun huda rigar sun shige nama a wuri biyu. Kafin in kawo mota, na je na tsaya daidai inda ya tsaya, na miƙa hannuna yadda ya miƙa nasa. Yatsana ya nuna bakin lungun sak, daidai tsayin kan yaron da aka goya. Ban iya gaya wa kowa abin da na gani ba.

Na ɗauke shi sai asibiti, ina taka mota kamar zan tashi sama. Mutumin da jini ke ɗiga daga hannunsa shi ne yake ce mini, “Rage gudu mana. Kare bai kashe ni ba, kai za ka ƙarasa ni?” Aka soma yi masa allurar cizon kare a ranar, aka ce ya riƙa dawowa har a kammala. Makonnin da suka biyo baya ban yi barcin kirki ba. An ce wanda haukan kare ya kama tsoron ruwa yake fara yi, don haka duk zuwan da zan yi Kiru sai na miƙa masa kofin ruwa, in tsura masa ido har ya shanye. Da ya gane sai ya riƙa jan rai da gangan, ya riƙe kofin yana kallona.

Allah ya tashi kafaɗarsa. Sai dai har yau yatsunsa biyu na hagu ba sa lanƙwasuwa sosai, kuma tabon yana nan. Yarinyar da ke goye a ranar yanzu tana sakandare a Tudun Wada. Tana ƙarama ta taɓa shafa tabon ta ce, “Baffa, me ya same ka a nan?” Ya ce mata wani kare ne marar kunya, bai ƙara ko kalma ba.

Ni ne dai na kasa zama a wurin, na tashi na fita waje. Na san da a hannuna bindigar take a ranar, da na ƙara harbi, da na ƙara na uku, kuma da kowa ya ce na yi sauri. Abin da na koya shi ne, duk abin da in ya bar hannunka ba ya dawowa, ka sake dubawa kafin ka sake shi, ko da kuwa duk duniya tana yi maka ihu ka yi maza. Tun daga ranar ban ƙara ce wa Yaya mai sanyin jiki ba. In na yi masa tambaya ya yi shiru, zama nake yi in jira.