Kwalbar Abla Nagat

Shekara ashirin da shida Abla Nagat, wato Malama Nagat, ta yi tana duba takardun jarrabawar lissafi a garin Damanhur. Abin da ya fi ci mata rai a aikin shi ne takardar da aka goge. Takan ɗaga ta saitin taga, ta hango sawun fensir, aiki daidai har kusan ƙarshe, amma yaro ya tsorata ya share. Ba a ba sawu maki.

Da ta yi ritaya sai ta fara koyar da yara a falonta bayan la'asar, shida-shida. Dokarta ɗaya ce: kowa ya jefa magoginsa cikin tsohuwar kwalbar zaitun da ke kan teburi, sai bayan jarrabawa ya karɓa.

Yawancinsu cikin sati biyu suke sabawa. Mai tsoron alwatika ya daina, mai mance alamar ɗebewa ya fara ganin inda yake mancewa. Basant ce ta ba ta wuya. Yarinyar na ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, kuma lissafi kaɗai ke neman hana ta makin shiga babbar sakandaren da take buri. Da aka karɓe magoginta, sai ta koma gogewa da yatsa da yawu.

"Abla, yau ma ta huda takardar," in ji Marwa, abokiyar zamanta. "Wallahi ina hango mai kayan miya ta ciki."

"Ke dai ji da naki," in ji Basant.

Abla Nagat ta ɗaga takardar saitin taga. "'Yata, layi huɗun nan duk daidai ne. Me suka yi miki?"

"Amsar ce ba ta yi kyau ba, Abla. Kunya nake ji a gani."

"Wa zai gani? Mai duba takardar wata tsohuwa ce irina, ga ciwon baya, shayinta ya huce, tana neman inda za ta ba ki maki. Ki bar mata abin da za ta kama."

Ta koya mata ta bar aikinta yadda yake, in kuma dole ne ta ja layi ɗaya siriri. Wata uku ana fama. Wani lokaci in hannun Basant ya tafi baki, sai Abla ta yi gyaran murya.

Ranar jarrabawa Basant ta biyo da azahar, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Abla, takardata kamar kaji sun yi tono. Tambaya ta biyar ban kai ƙarshe ba."

"Kin bar ta yadda take, ba ki goge ba?"

"Na bar ta."

Da sakamako ya fito, da maki biyu ta ɗara abin da ake nema. Abla Nagat ta juye kwalbar a teburi, ta tsamo wani ɗan guntun magogi da bai kai ƙwayar wake ba.

"Ungo naki. Dama ba ki bar komai a jikinsa ba."